Safar Hannun Bahtowar

Duk wanda ya ce maka boka ya ba shi arziki a kyauta, ka tambaye shi mutum nawa suka rage a gidansu. Ni Mehrubon, shekara arba'in na yi ina koyar da wasan jifan guduma a Dushanbe, babban birnin Tajikistan. Abin da zan faɗa ba a gidan shayi na tsince shi ba. A gabana aka yi shi, kuma da hannuna a ciki.

Bahtowar ɗan Usto Sangali ne, maƙerin da ke bakin kasuwar Hisor. Yana da shekara goma sha bakwai na gan shi ya rungumi uwar maƙera shi kaɗai ya sauya mata wuri. Nan take na roƙi ubansa ya ba ni shi.

Tsohon ya ce, "Malam, guduma bugu ake yi da ita. Wane irin aiki ne mutum ya jefar da kayan sana'arsa?"

Na ɗauko masa tamu daga mota, dunƙulen ƙarfe mai kilo bakwai da ɗoriya, da waya, da mariƙi. Ya jujjuya ta ya ce, "To wannan ai ko ƙusa ba za ta buga ba." Amma ya ba ni yaron. Shi ne ma ya zauna ya ɗinka masa safar hannun hagu ta fata, wadda mai jifa ke sawa don kada mariƙin ya tsinke masa yatsu.

Shekara goma sha biyu muna tare. Yaron ba ya ƙyuya, ba ya sha, ba ya musu. Ya hau mita sittin, ya hau saba'in, ya kai saba'in da biyu, sai ya tsaya cak kamar an kafa masa katanga. Saba'in da biyu ba abin raini ba ne, amma a wannan sana'a ba ta sayen ko gurasa. Ɗaki ɗaya aka ba shi a bayan filin wasa, shi da matarsa Zarangez da 'yarsu Nozigul. Zarangez na ɗinki da keke a bakin taga, da shi ake cin abinci. Ga gwiwarsa ta dama ta fara kumburi.

Ƙanensa Komron, wanda ya dawo hutu daga aikin gini a Rasha, ba ya raga masa. "Yaya, ka zo mu tafi. Wallahi mai ɗaukar siminti a can ya fi ka cin nama. Kuma shi in ya ɗauka ba ya jefarwa."

Bahtowar yakan yi dariya, amma na san inda maganar ke sauka.

Da bazara manyan ofis suka kira mu. Suka ce akwai gasar ƙasashen yankinmu a kaka. In bai wuce saba'in da biyar ba, za a yanke masa alawus, a karɓe ɗakin a ba yaro mai tasowa. Da muka fito ya zauna a kan matakala ya riƙe kai.

"Malam, shekarata ashirin da tara. Ban iya komai ba sai juyi a cikin da'ira. Ina zan kai su?"

Bayan mako guda ya zo ya ce ya ji labarin wani maɗori a bayan garin Faizobod, yana so in kai shi a duba gwiwar. Na san ƙarya yake yi tun ba mu fita gari ba, domin mai zuwa wurin maɗori ba ya sayen baƙin rago. Amma na kunna mota.

Inda hanya ta ƙare muka ajiye motar, muka hau kwazazzabo a ƙafa muna jan ragon. Tsakar rana ce, rana na dukan duwatsu har suna ƙyalli, amma ko kukan tsuntsu babu. Ragon ya yi ta turjewa har sai da Bahtowar ya saɓa shi a wuya. A can sama muka tarar da busasshiyar bishiyar tut, an ɗaɗɗaure rassanta da tsummoki, dukkansu baƙaƙe. A gindinta an tara ƙahonin awakin dutse tuli guda. Bayanta akwai ɗakin duwatsu da aka gina a bakin wani kogo.

Muna shiga sanyi ya buge mu kamar tsakiyar hunturu. Fitilun kitsen tunkiya uku ke ci a ƙasa, wurin na warin tsohon jini. Da idona ya saba da duhu sai na ga abin da ke rataye a bango: ɗamarun 'yan kokawa, bulalun mahaya, takalman gudu, duk sun yi baƙi. Mai wurin na zaune a kan buzu. Sunansa Hushkadam. Ɗan mitsitsin tsoho ne, fuskarsa ta yamutse kamar busasshen inabi, ƙafafunsa kamar sillen kara. Amma hannayensa daga kafaɗa zuwa yatsu na ƙaton saurayi ne, murɗaɗɗu, masu sheƙi. Kamar an aro su an liƙa masa.

Bai amsa sallamarmu ba. Ya dubi Bahtowar ya ce, "Me kake so?"

"Mita tamanin."

"Ba na sayar da mita. Me kake so?"

Bahtowar ya ce, "Ina so a daina kallona kamar jakin da ya tsufa. Ina son gida mai ƙofar ƙarfe. Ina so matata ta jefar da keken ɗinkin nan. Arziki nake so."

"Yawwa. Yanzu ka yi magana."

"Me zan biya?"

Tsohon ya yi wata dariya marar sauti. "Kuɗi? Akuya ce za ta ci su a nan? Ba ni abin da ya fi daɗewa a jikinka."

Bahtowar ya zaro safar da ubansa ya ɗinka masa. Tsohon ya shinshine ta ya lumshe ido.

"Jarumi, ƙarfi ba daga iska yake zuwa ba. Ruwan da ya cika wannan gona, daga wata aka tare shi."

"Gonar wa?"

"In an zuba maka nama a kan shinkafa, ka taɓa tambaya wace ce uwar tunkiyar?" Ya ɗaga yatsa. "Sharaɗi ɗaya ne. Za ka naɗe ta a baƙin ƙyalle. Ba za ka yi atisaye da ita ba. In za ka tafi gasa, kada ka kwance ta da kanka. Wanda ke sonka har zuci shi zai kwance ya miƙa maka hannu da hannu."

"Shi ke nan? Kamar sa albarka?"

"Kira shi da sunan da ya yi maka daɗi."

Na ce, "Bahtowar, tashi mu tafi."

Tsohon ya juyo gare ni a karon farko. "Kai kuma tsoho, shekara nawa ka yi kana jiran zakara? Ƙafar wa ta taka motar har nan?"

Na yi shiru. Wannan shirun shi ne zunubina.

Ya kama ragon da hannu ɗaya ya kayar, ya juya masa baya ga alƙibla, ya yanka ba tare da ya ambaci sunan Allah ba. Jinin ya cika wata tasar tagulla. Ya zuba madara a kai, ya tsaga tafin hannun hagun Bahtowar ya ɗiga jinin yaron a ciki, sannan ya nutsar da safar yana wasu maganganu da harshen da ban taɓa ji ba. Muna kallo jinin ya yi ta raguwa har tasar ta bushe ƙarƙaf. Ya ciro safar babu ko danshi. Da ya ɗora ta a hannun Bahtowar, yaron ya zabura.

"Malam, da ɗumi. Kamar tana numfashi."

Muka sauko muka kama hanyar gida.

Ana gobe tafiya gasar kaka muka je Hisor. Usto Sangali ya sa an dafa osh, shinkafarmu da nama, aka shimfiɗa a tsakar gida ƙarƙashin inabi. Da aka shafa fatiha Bahtowar ya ajiye baƙin ƙyallen a gaban ubansa.

"Baba, kai ka ɗinka ta. Ka miƙa min da hannunka."

Tsohon ya kwance, ya yi murmushi. "Har yanzu tana nan? To ungo, Allah ya ba da sa'a. Ka jefa gudumar har Samarkand."

Mita saba'in da takwas ya jefa. Mai awo sai da ya sake awon. Ni da na koya masa ban gane juyin da ya yi ba, ƙarfen ya fita daga hannunsa da ƙara kamar an harba igwa. Gwiwar kuwa ta sace kamar ba ta taɓa ciwo ba.

Muka dawo aka tarbe mu da kakaki da ganguna. Wani attajiri mai kamfanin siminti ya rungume shi a gaban 'yan jarida, ya ba shi makullin gida mai hawa biyu da mota baƙa. Hotonsa ya hau allunan talla. Ba a yin babban biki a gari sai an zaunar da shi a kan teburin gaba. Zarangez ta ba maƙwabciyarta keken ɗinkin kyauta. Ni ma aka ɗinka min kwat, aka kira ni uban zakaru, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

A ranar da aka yi jifan, Usto Sangali na tsaye a maƙerarsa guduma ta suɓuce daga hannunsa. Bai ƙara ɗaga ta ba. Hannun nan da ke lanƙwasa ƙarfe, mai tabon ƙuna kamar jinjirin wata a damtse, ya shanye ya koma fata da ƙashi. Likitoci suka duba suka rasa abin faɗa. Daga hannu abin ya bi jiki. Kafin kwana arba'in muka kai shi makwanci, kuma mu da muka ɗauki makarar mun san ba ta da nauyin mutum.

Mutane suka ce tsufa ne. Ni ma na ce tsufa ne.

Komron bai koma Rasha ba, yayansa ya riƙe shi yana kula masa da gida. Da gasar Asiya ta zo, shi ya kwance ƙyallen. Yana miƙawa yana tsiya. "Ungo, Yaya. Na janye maganar siminti. Amma in ka ciwo zinariya, motar nan tawa ce."

Ya ciwo zinariyar da mita saba'in da tara da rabi. Komron, saurayi ɗan ashirin da huɗu da ke hawa bene da buhu biyu a kafaɗa, ya faɗi a tsakar gida a sa'ar da ake jifan. Shi bai yi ko kwana ashirin ba. Ranar da na je duba shi, ya kasa riƙe kofin shayi, sai Zarangez ke ba shi a baki. Ya dube ni ya ce, "Malam, ji nake kamar ana zuƙe ni da tsinke."

Bayan sadakar bakwai na ja Bahtowar gefe na ce, "Shiga mota." Bai tambaye ni ina za mu ba.

Hushkadam na nan a kan buzunsa. Ya ƙara kauri a ƙirji. Da ya miƙa hannu zai gyara fitila, hannun rigarsa ya zame, na ga tabon ƙuna kamar jinjirin wata a damtsensa. Bahtowar ma ya gani. Bahtowar ya yi wani kuka kamar na bijimi, ya yi kansa. Tsohon ya riƙe masa wuyan hannu da yatsu biyu ya durƙusar da shi.

"Ka kashe min uba! Ka kashe min ƙane!"

"Ni? Na taɓa zuwa gidanku? Kai ka kai musu, su suka miƙa. Ni rabona kawai nake ɗauka, kamar mai niƙa."

"Ka warware shi."

"Ai ba a ɗaure yake ba. Ka jefa safar a wuta yau, shi ke nan, ba wanda zai ƙara mutuwa."

Bahtowar ya ɗago. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ƙarfin aro ya koma, gwiwarka ta dawo, abin da ya zo da shi ya bi shi. Ka koma mita saba'in da biyunka." Ya sake shi. "Kowa na faɗa wa haka. Dubi bangon nan. Ka ga wanda aka ƙona?"

A hanya na ce, "Muna isa za mu ƙona ta."

Ya ce, "To, Malam."

Da muka isa ya ce ya gaji, sai gobe. Gobe ta zama jibi. Sai ya ɓullo da dabara. Da wata gasa ta zo, ya sa direban da ya ɗauka aiki ya miƙa masa. Direban ba abin da ya same shi, domin albashi yake so ba Bahtowar ba. Shi kuwa ya jefa mita sittin da tara a gaban duniya, ya fito yana ɗingishi. Jaridu suka ce zakara ya zama kaza. Mai siminti ya daina ɗaukar wayarsa, sannan ya aiko a tuna masa cewa takardun gidan ba da sunansa suke ba. Waɗanda ke zaunar da shi a teburin gaba suka fara wuce shi a titi.

Na ce masa, "Ɗana, ka bar wasan nan. Ka zo mu koyar da yara tare. Ba za mu yi arziki ba, amma ba za mu kwana da yunwa ba."

Ya ce, "In koma ɗaki ɗaya? Bayan Baba da Komron? To sun mutu a banza ke nan?"

Haka shaiɗan ke yi. Gawar farko ita ke zama hujjar ta biyu.

Zarangez ba sakarya ba ce. Ta lura da wanda ya miƙa da wanda aka binne. Ita da bakinta ta faɗa min abin da ya faru, da safen da za mu tashi zuwa gasa ta gaba, na zo ɗaukarsa na same ta a bakin tanderu tana manna gurasa. Ta ce kwana uku ya yi ba ya ci, yana zaune ya sa ƙyallen a gaba yana kuka. Bai roƙe ta ba. Kallonta kawai yake yi.

"Na ce masa, Baban Nozi, kallon ya isa. Na kwance na ba shi."

"Zarangez! Kin san abin da kika yi?"

"Na sani, Malam. In ban ba shi ba, wa ya rage a gidan nan?" Ta kalli ɗakin da Nozigul ke shirin makaranta. "Ya rantse min daga wannan zai ƙona ta."

Ya jefa mita tamanin da ɗaya. Zarangez ba ta mutu ba. Ita hankalinta aka ɗauka. Muka dawo muka tarar da ita a tsakar gidan nan mai daɓen marmara, ta miƙe hannaye biyu gaba kamar ta riƙe wani abu, tana juyi a kan dugaduganta. Sau huɗu take juyawa, ta saki, ta tsaya tana kallon sama, sai ta sake. Ƙafafunta sun fashe, daɓen duk jini. In an riƙe ta sai ta yi ta ihu har muryarta ta dishe. Uwarta, Inna Mohbibi, ta taso daga ƙauye ta zo ta riƙe gidan. Aka kawo malamai suka yi karatu, aka kai ta asibitin masu taɓin hankali. Can ma juyin take yi.

Mai siminti ya dawo da fara'arsa, ya ƙara masa wata motar. Safar kuwa ba a ƙona ta ba.

Saura wata biyu gasar duniya na daina zuwa gidansa. Ana jibi tafiya ya aiko a kira ni, ya ce maganar ƙonawa ce. Na same shi a falo da hantsi, ya rame a fuska, jikin kuwa kamar bijimi. Ƙyallen na kan tebur a tsakaninmu.

Ya zuba min shayi da hannu biyu. Ya ce, "Malam, kai ne ubana yanzu."

Na gane.

"Shekararka saba'in da ɗaya, Malam. Ka ci duniya. Kai ma burinka ne, zakaran duniya daga hannunka. Sau ɗaya tak. Na rantse da kabarin Baba daga wannan..."

"Kada ka ƙara ambaton kabarin nan da bakinka."

Ya sauko daga kujera ya kama ƙafafuna. "Ka ce kana sona kamar ɗanka."

"Ina sonka. Shi ya sa ka kira ni. Ba ka da kunya, Bahtowar? Ka zuba min shayi kana auna ni kamar ragon layya?"

Na fizge ƙafata na nufi ƙofa. Ya biyo ni har waje yana roƙo, ina zaginsa, muryoyinmu suka cika gidan. Ba mu ji fitowarta ba. Sai dai muka ji ƙaramar murya a bayanmu.

"Baba, daina kuka. Ga ta."

Nozigul ce, shekararta takwas. Ta ji ubanta na roƙon a miƙa masa safarsa an ƙi. Ta kwance ƙyallen, ta zo ta cusa masa ita a hannu kafin ɗayanmu ya motsa.

Na ce, "Wuta! Yanzun nan! Inna Mohbibi, hura tanderu!"

Bahtowar ya tsaya yana kallon safar. Sai ya ce a hankali, "Yarinya ce, Malam. Wane ƙarfi gare ta da za a ɗauka? Wataƙila ba zai kama ta ba."

Na kai hannu zan fizge, ya ture ni na faɗi a kan matakala. Ya sa safar a aljihun ƙirji ya shige ɗaki ya kulle.

Na bi shi gasar, ba don in taya shi ba. Na yi zaton zan samu sace ta a masauki ko a jirgi. Amma a jikinsa take kwana, a jikinsa take tashi. Na roƙe shi a filin jirgi, na roƙe shi a ƙofar filin wasa. Ya daina kallona.

Jifa shida ake yi a zagayen ƙarshe. Ina zaune a layin masu horarwa, kusa da ragar da ke kewaye da da'irar. Ya shiga jifan farko, ya ja safar ya ɗaure, ya juya, ya saki. Mita tamanin da santimita casa'in. Filin ya ɗauki sowa. Ba a gama sowar ba wayata ta yi ƙara.

Inna Mohbibi ce, tana kururuwa. "Malam! Yarinyar ta faɗi! Tana shan ruwa ta faɗi, ƙafafunta ba sa motsi!"

Na kama ƙarfen da ke gabana na yi ta kiran sunansa har ya matso. "Nozigul ta faɗi! Tana numfashi, amma ta faɗi! Cire ta!"

Ya tsaya kamar gunki. Sai ya ɗaga kai ya dubi allon sakamako. Wallahi allon ya fara duba. Sunansa na sama. Ya je ya gaya wa alƙali ya yafe jifa na biyu, ya yafe na uku, na huɗu, na biyar. Ya zauna a benci ya rufe kai da tawul, yana jiran a gama ya karɓi zinariyarsa da jifa ɗaya.

A zagaye na biyar wani dogon Bature ya wuce shi da santimita shida.

Aka kira sunansa jifa na ƙarshe. Na ga ya cire tawul ɗin. Na ga ya miƙe.

"Bahtowar! Tana da rai! In ka saki ta tafi! Bahtowar!"

Masu gadi suka riƙe ni. Ya shiga da'irar ya juya wa filin baya. Ya kaɗa ƙarfen bisa kansa sau biyu, ya shiga juyi. Na ɗaya, na biyu, na uku. Ban taɓa ganin gudu irin wannan a jikin ɗan Adam ba, wayar har kuka take. Da ya saki, da an daɗe ana ba da labarin wannan jifa. A juyi na huɗu na ga fuskarsa ta wuce ta gabana, bakinsa a buɗe, yana kiran sunan 'yarsa.

Bai saki ba.

Wanda bai san wasan nan ba ba zai gane ba. A wannan gudun, ƙarfen na jan mutum da nauyin da ya fi na doki. Ya tumɓuke shi daga ƙasa. Na ji ƙarar kafaɗarsa daga inda nake. Ya maka shi da turken ragar, bayansa ya daki ƙarfe, ya zube a kan siminti da mariƙin har yanzu a hannunsa. Filin ya yi tsit.

A asibiti sai da aka yanka safar da almakashi kafin ta rabu da yatsunsa. Na tsince ta daga kwandon shara, na fita bayan ginin na zuba mata fetur. Ta daɗe tana ci, tana wari irin na naman da ya ƙone.

Kafin a sallame shi mai siminti ya karɓe gidansa da motocinsa. Aka sauke hotunan daga alluna. Lambobin zinariyar Inna Mohbibi ta sayar da su aka sayi magani. Zarangez ta daina juyi ranar da na ƙona safar, amma ba ta dawo ba. Tana zaune a asibitin har yau, ba ta san sunan kowa ba.

Bahtowar na kwance a gidan surukarsa a ƙauye, daga wuya zuwa ƙasa ba abin da ke motsi. Bakinsa na magana, amma ba ya yawan amfani da shi. Nozigul ta rayu. Abin da jifan farko ya ɗauka bai dawo ba, a keken guragu take. Shekararta goma sha huɗu yanzu, ita ke tura kekenta zuwa bakin gadonsa tana ba shi miya da cokali.

Zuwana na ƙarshe, ta gama ba shi abinci ta goge masa baki, sai ta juyo gare ni.

"Kaka, in tambaye ka? Kullum Baba yana cin gasa. Sai ranar da ni na miƙa masa safar ya faɗi. Hannuna ne ba shi da albarka, ko?"

Na dubi Bahtowar. Idonsa a buɗe, yana jin ta. Na jira ya yi magana. Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne, ya juya idonsa ga bango.

Ku da ke gaggawar duniya, ku ji da kyau. Boka ba ya da abin ba ku. Abin da ke gidanku yake ɗauka ya sayar muku, kuma ba ya karɓar maƙiyi, sai wanda zai ba ku ransa da murmushi. Ƙofar fita a buɗe take tun ranar farko, kwaɗayi ne ke hana a bi ta. Wanda ya ga ana shirin hawa irin wannan dutse ya yi shiru don yana hangen rabonsa, shi ma ya hau. Ni na hau, kuma ni ne zan amsa wa yarinyar nan tambayarta, in ba a nan ba, a gaban Wanda ba a yi wa shiru.